Injin Markaɗen da Ya Tara Mu

'Yata ba ta cin gyaɗa. Ba iyayi ba ne, ba kuma tsirfar 'ya'yan Amurka ba ce kamar yadda aka yi ta faɗa a bayan idona. In gyaɗa ta taɓa bakinta maƙogwaronta ne yake kumbura har numfashi ya rasa hanya. Tun tana tatata likita ya tabbatar mana, ya ba ni allura mai kama da biro, ya ce duk inda yarinyar take allurar ta kasance a kusa. Na yi shekaru ina maimaita wannan magana ga mutanen layinmu na Port Richmond da ke Staten Island, suna yi mini dariya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a saman injin markaɗe muke zaune, kuma saboda injin muka zo.

Kafin mu zo, Bahaushe ɗaya ne a layin, wani dattijo mutumin Maraɗi da kowa ke kira Baba mai inji. Ya daɗe yana tallar jakunkuna da tabarau a bakin titi a Manhattan har sanyi ya cinye masa gwiwoyi. Da ya gaji sai ya kama wani tsohon shago da ba wanda ke so, tsakanin gidan wankin kaya da kantin wani ɗan Meksiko. Ya sa aka auno masa injin markaɗe daga gida, gunduwa-gunduwa a cikin kwantena, ya haɗa shi da hannunsa a ɗakin baya. Ɗan Meksikon ne ya samo masa mai gyaran wuta, don su ma mutanen masara ne, ba sai an yi musu dogon bayani a kan niƙa ba.

Mu a lokacin muna Bronx, a ɗaki ɗaya a Grand Concourse. Maigidana yana tuƙa tasi, ni ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, ga ciki ya tsufa, ba abin da raina ke so sai koko. Na ƙona blanda biyu a kan gero. Wata rana wata mata ta ce mini ai akwai inji na gaske a Staten Island. Na jiƙa gero na zuba a bokiti mai murfi, na hau jirgin ƙasa na D, na canza wani, na shiga feri, jirgin ruwan da ke tsallakawa can. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton ruwa, ni kuwa na matse bokiti tsakanin ƙafafuna ina addu'ar kada ya tuntsure. Da na sauka daga bas, tun daga kan kwana na jiyo ƙarar. Na tsaya cak. Rabona da jin wannan ƙara tun a Kano, a bayan gidanmu. Sai da na share hawaye sannan na shiga.

Zuwana na uku ko na huɗu Baba ya dubi cikina ya ce, “Ɗiyata, wagga wahala ta yi yawa. Akwai ɗaki bisa, babu kowa ciki. Ki hwaɗa ma maigidanki.”

Haka muka zama na biyu. Bayanmu sai wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi, wadda ta gaji da jigilar wake, ta kama gidan da ke kallonmu ta kafa kaskon ƙosai da waina. Tela ya zo daga Damagaram, don ya ga inda mata ke taruwa. Mahauci ya biyo tela. Da maza suka yi yawa aka kama shagon wani tsohon wanzami aka shimfiɗa darduma, ya zama masallaci, ranar Asabar kuma ya zama Islamiyya. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan abu. Kusan kowane gida a layin, in ka bi diddigi, bokiti ne ya fara kawo matar gidan. Baba shi ne mai unguwarmu ba tare da an naɗa shi ba. Shi ke riƙe makullin wanda ya yi tafiya, shi ke zuwa ya yi wa masu gidaje magana da gurgun Turancinsa, su kuma saurare shi. 'Yata a kan ƙarar injinsa ta koyi barci, in an kashe ne ma take farkawa. Shi ya yi mata huɗuba da aka haife ta, kuma bai taɓa kiranta da wani suna ba sai jikanyata.

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe ya san tsarin. Ba a wanke inji tsakanin bokiti da bokiti. In an gama naki sai mai inji ya zuba ruwa kaɗan a mazurari ya ɗauraye, ruwan ya sauka a bokitinki, abin da ya maƙale kuma ya zama rabon mai bin baya. Tattasai da attaruhu kaɗai ake jin tsoro, shi ya sa masu kayan miya ke zama na ƙarshe. Gyaɗa kuwa ba wanda ya ɗauke ta abin gudu. Wadda geronta ya bi bayan gyaɗa ma murna ake taya ta, a ce yau kokonki zai yi garɗi.

Ranar da na dawo daga wurin likita na sauka na yi wa Baba bayani a gaban mata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

“Gyaɗa hwa, ɗiyata? Mu da ita anka yaye mu. Lokotoron nan bai san jikin baƙar hwata ba.”

Hajiya ta karɓe da Hausarta ta Zango. “Madam nas, ke ma kin cika tsoro paa. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, zai saba.”

Aka kwashe da dariya. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce duk wadda ta kuskura ta ba 'yata ƙuli-ƙuli ko da wasa, sai ta gwammace ba ta san ni ba. Tun daga ranar sunan Madam nas ya bi ni, kuma ba don girmamawa ba. Amma Baba ya yi mini alfarma. Kullum da yamma in ya tashi yana wanke injin da sabulu, don haka muka yi da shi bokitina ne zai riƙa zama na farko da safe. Ya riƙe alkawarin nan shekara da shekaru. Wani lokaci yarinyar takan ce leɓenta na ƙaiƙayi bayan ta sha koko, sai mu ɗora laifin a kan citta.

Shekarar da ta shiga aji ɗaya, azumi ya zo layin ya cika ya batse. Mata daga Bronx, daga Stapleton, har daga ƙetaren ruwa, bokitai sun yi layi har bakin titi. A makon farko, wata safiya na ajiye gerona a ƙofar Baba na wuce aiki. Da la'asar na dawo na tarar da ƙulluna a rufe an ajiye mini a gefe kamar kullum. Na tace, na dama koko.

Yarinyar ba ta azumi, amma tana son zama da mu ta jira kiran sallah, har da riƙe dabinonta. Aka sha ruwa. Na zuba mata a kofinta, ta sha kusan rabi. Ina miƙa wa babanta faranti sai na ga tana sosa wuya.

“Mama, my tongue is spicy,” ta ce, wai harshenta yana mata zafi.

Na ce yaji ne, ta sha ruwa. Da na sake ɗaga ido sai na ga leɓenta na sama ya tashi, borin jini ya feso mata daga wuya har bayan kunne. Ta yi wani tari busasshe, sannan numfashinta ya fara fita da ƙara siririya kamar usur. Na san wannan sauti, na sha jin sa a wurin aiki a ƙirjin tsofaffi. Ban san lokacin da na zazzage jakata a ƙasa ba. Na kwantar da ita, na danna mata allurar a cinya ta saman wando, ina yi wa babanta ihu ya kira motar asibiti.

Ihun nawa ya tara mutane. Maza suna kan hanyar masallaci, mata suka yo sama har ɗakin ya cika. Hajiya ta kutso da kwalbar manja a hannu tana cewa a ɗura mata, manja na kashe guba. Wata ta zo da man habbatussauda. Na san da kyakkyawar niyya suka zo, amma a lokacin ji na yi kamar in shaƙe su. Yarinya ba ta iya haɗiye yawunta, su kuma suna neman zuba mata mai a baki. Na tare ta da jikina, na ce wallahi duk wadda ta matso sai na karya mata hannu. Suka ja baya.

A cikin motar sai da aka ƙara mata wata allurar. Idanunta sun kumbura sun rufe. Tana riƙe da ɗan yatsana, ni kuma ba abin da nake kallo sai ramin wuyanta yana lotsawa duk lokacin da ta ja iska. Addu'a ma ta gagare ni, sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Da suka shawo kan abin a asibiti, wata likita ta fito ta tambaye mu me yarinyar ta ci. Na ce kunun gero ne, babu gyaɗa a ciki, babu gyaɗa ma a gidana. Ta ce a ina aka niƙa geron? Maigidana ya dube ni, na gane kallon. Cewa yake in yi hattara, kada maganar inji ta kai kunnen hukuma. Na kau da kai na gaya mata gaskiya, injin unguwarmu ne, kuma ana markaɗa gyaɗa a cikinsa. Ta ce to daga yau kada yarinyar ta sake cin wani abu da ya fito daga can.

Ina fitowa wurin jira sai ga Baba a tsaye, hannun rigarsa duk busasshen ƙullu. Bas ya hau ya biyo mu. Ko gaishe shi ban yi ba.

“Baba, me ka markaɗa kafin nawa?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wata mata ce ta zo daga Bronx tun duku-duku da gyaɗar kunu, tana roƙo a sallame ta ta samu feri ta koma aiki. Ya tausaya mata ya fara yi mata.

“Amma na ɗauraye, ɗiyata. Wallahi na ɗauraye, har na sake.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya yake ba. A wurinsa ya wanke. Na kama hannun rigarsa, dattijon da ya girmi mahaifina, na ja shi har ƙofar ɗakin. Na ce ya duba. Tana kwance da abin numfashi a fuska, fuskar ta kumbura har ba ka gane ta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya fita yana jan ƙafa.

Da aka sallame mu muka dawo gida, na shiga ɗaki na ji wani iri, ban gane dalili ba sai can. Ƙasan ɗakin ba ya rawa. Injin a kashe yake da tsakar rana, a cikin azumi.

Baba ya aiko in sauko. Na tarar ya wargaza injin gaba ɗaya a kan buhu. Ya ɗauko farantan ƙarfen nan biyu masu haƙora da ke murƙushe hatsi, ya juya bayansu, ya sa ƙusa ya kankare wani lungu. Wani abu mai maiƙo ya fito, ya miƙo mini a kan ƙusar. Warin tsohuwar gyaɗa ya buge ni.

“Nan ruwa ba ya kai,” ya ce. “Sabuli ma ba ya kai. Ashe tun tuni nike ba ta, kaɗan-kaɗan.”

Ya ce ya yi waya gida a samo masa sababbin farantai, waɗannan kuwa shara za su. Ba zai tayar da inji ba sai sun iso, in sun iso kuma gyaɗa ta gama shiga injinsa har abada.

Na ɗauka za a yaba masa. Ni aka juyo wa. Magana ta zaga cewa Madam nas ta kai ƙara asibiti an rufe inji. Baba ya tashi a masallaci ya rantse ba wanda ya rufe shi, shi ya rufe kansa, amma an riga an yanke mini hukunci. Mata suna saukowa daga bas da bokitansu su tarar da ƙofa a kulle, su ɗaga kai su harari tagata. In na yi sallama a wurin mahauci sai hira ta mutu. Kaskon Hajiya ya kwana biyu a kife, don ba ƙullun wake. Ta tare ni a bakin titi ta ce, “Yaro ɗaya kraa, a hana gari duka shan koko? In ba zai iya zama da mu ba, ai gidaje na nan da yawa.”

Na mayar mata da abin da ya fi nata zafi, amma da na hau sama sai na zauna na yi kuka, don ta taɓo inda ke yi mini ciwo. Maigidana ma abin da yake faɗa ke nan, cikin lalama. Ya fara duba gidaje a can nesa inda ba Bahaushe ko ɗaya. Na samo kwalaye a kantin ɗan Meksiko na fara haɗa kaya. Ina naɗe kwanuka ina tunanin yarinyar za ta tashi inda ba mai ce mata jikanyata, ba mai yi mata faɗa da Hausa in ta tsallaka titi ba ta duba ba. Amma in na tuna ramin wuyanta yana lotsawa sai in ci gaba da naɗewa.

A goman ƙarshe farantan suka iso, a cikin akwatin wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Yamai. Baba ya sayi sabon mazurari, ya tafasa ruwa, ya kira ni. Ya miƙo mini soso ya ce ni zan wanke gangar injin da hannuna, shi bai ƙara yarda da wankinsa ba. Na wanke har yatsuna suka yi fari, na haska kowane lungu da fitilar waya. Ya ɗaura sababbin farantan a gabana. Sannan ya ce in kawo gerona.

Da ƙullun ya gama sauka ya kashe injin, ya rufe bokitin, ya ce, “Ba ni buɗe ma kowa sai jikanyata ta sha. In ba ki iyawa, ki hwaɗa mini, babu laihi. Sai in saida shi.”

Na hau da bokitin. Maigidana ya ce atafau ba za a yi gwaji da 'yarsa ba. Na kira likitanta na yi masa bayanin duk abin da aka canza, ya ce in haka ne hatsarin ya ragu ƙwarai, amma shi ba zai yi mini alkawarin komai ba. Na tsaya a tsakanin kwalaye ina kallon ƙullun. In na zubar, mun tashi ke nan, injin ma ya tafi, kuma ban san me zai riƙe layin ba bayansa. In na ba ta kuma wani abu ya faru, ba ni da bakin da zan yi wa kaina bayani. Daga ƙarshe na ce zan ba ta, amma ba a gida ba. A ƙofar asibiti za ta sha.

Haka muka fita da yamma, ni da ita da babanta, da filas ɗin koko, da allura biyu a aljihun rigata. Baba ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Muka zauna a benci daura da ƙofar sashen gaggawa, inda in na ɗauke ta a guje kafin a ƙifta ido mun shige. Motocin asibiti suna shiga suna fita. Da wayar maigidana ta kira sallah, na zuba kokon a murfin filas.

Yarinyar ta kalli murfin, ta kalle ni. Ba ta manta ba. Ta tambaya da Turanci ko zai sake yi mata ciwo. Baba ne ya matso ya durƙusa a gabanta da waɗannan gwiwoyin nasa, ya ce, “Mamanki ta wanke, jikanyata. Ba ni na wanke ba.”

Ta kurɓa sau ɗaya. Na karɓe murfin.

Daga nan sai kallo. Ina kallon leɓenta, ina kallon wuyanta, na kara kunnena a bayanta ina sauraron iska. Ta ɗaga hannu za ta sosa kai, sai da na zabura na zaro allura. Ashe kitso ne ke damunta. Babanta ya kasa zama, yana kai yana komowa. Fitilun titi suka kama. Na ce ta buɗe baki, na haska, harshe lafiya lau. Na sake ba ta, ta sha da yawa, muka sake jira har sanyi ya fara shiga jikinmu.

Can ta gaji da mu. Ta ce kokon ba sukari, kuma ita yunwa take ji. Sai ta juya wurin Baba, wanda tun ɗazu yake durƙushe bai motsa ba, ta nuna hannunsa. Da karkatacciyar Hausarta ta ce, “Baba, ba ka sha ruwa ba.”

Ya buɗe tafin hannunsa. Dabinon da ya ɗauko tun kiran sallah yana nan, ya matse shi har ya dame. Ta miƙa masa murfin filas ɗin da sauran kokonta a ciki. Ya karɓa da hannu biyu ya sha, hawaye na bin gemunsa, ni kuma na mayar da allurar aljihu.